Wadda Agana Ta Sani

Kakata ba ta ajiye madubi ba.
Ta ce fuskarta allo ce, agana ta gama rubutu a kai
tun tana 'yar shekara bakwai a duwatsun Dass,
kafin masu igiya su hawo da asuba.

A kasuwar Bauchi zanzanar ta karya mata daraja.
Malam Gidado ya taya, aka sallama ba ja-in-ja.
Ya raɗa mata Dangana,
ya tura ta rinjinsa na Inkil.
Damina goma sha tara tana noman gandu da safe,
gayaunarta sai rana ta karkata.
Wurin murgu tana zuba shi a tulu ƙarƙashin murhu,
tulun na cika, farashin na ƙara gaba.

Sai bazarar da kuraye suka daina jin tsoron gari.
Agana ta shigo ba sallama,
ta fara da ɗan mai jima, ta haura katangar masu rawani.
Aka kafa bukkokin zana can bayan ganuwa,
uwa ta ajiye ƙwaryar kunu daga nesa,
ta tura da gora, ta juya tana toshe baki.

Kakata ta ce, "Ni ta san ni.
Ba ta cin gida sau biyu."

Ta shimfiɗa rairayi mai sanyi ƙarƙashin bayansu,
ta jiƙa tsamiya, tana ɗiga musu da tsinken kara.
Ta ɗaure hannun yara da tsumma kada su yage idonsu.
Masu rai ta juya su,
matattu ta wanke su ita kaɗai,
ita da aka ce ba ta iya Fatiha daidai ba.
Talatin da ɗaya ta haƙa wa rami da fartanyar gandu.

Daren Laraba aka kawo Gidado a kan ƙyaure,
da autansa Bappayo a gefe.
Leɓensa ya kumbura, ya ce,
"In na tashi, ko ban tashi ba, ke ɗiya ce."
Bai tashi ba.
Yaron ya tashi, da ido ɗaya.

Ranar rabon gado aka lissafa ta
tsakanin turmin saƙi da saniya mai ciki.
Magada suka ce sambatun zazzaɓi ba wasiyya ba ne.
Alƙali ya ce a kawo shaidu.
Bappayo ya miƙe, aka ce yaro ne, ya zauna.
Sai zaure ya yi duhu:
mai jima, da ladan, da wani mahauci daga Tirwun,
fuskokinsu duk rubutu iri ɗaya.
Suka ce, "Bukkar zana ba ta ɓoye magana. Mun ji."

Magatakarda ya tambayi sunanta.
Ta faɗi na kan dutse, wanda uwarta ta sa.
Ya juya alƙalami, ya sake juyawa,
ya rubuta Dangana.

Kwana biyu ta yi a ƙafa zuwa Dass.
Ta tarar da dutsen, ba ta tarar da gidan ba.
Wata tsohuwa ta gaishe ta da harshen uwarta,
ta buɗe baki, Hausa ta fito.
Ta yi kuka a gindin ƙirya, ta sha ruwa, ta juyo.

A Liman Katagum ta yi ɗakinta,
da wurin tulun nan ta sayi ƙyaure da akuya.

Na taɓa tambayarta yadda 'yanci yake.
Tana damun fura, ba ta ɗago ba.
Wani ya ƙwala mata kira daga waje.
Ta ci gaba da damu,
ta ɗanɗana, ta ƙara nono,
sai da ta shanye sannan ta ce, "Wane ne?"